Ranar da Aka Ce Gwaggo Ba Ta da Kowa

Mun tashi daga Zariya da asuba, ana idar da salla, ni da yayana, a saman buhunan wata babbar mota mai zuwa Kano. Baba ya dogara sandarsa ya rako mu har bakin zaure. Bai yi doguwar addu'ar da ya saba ba, cewa kawai ya yi mu je mu ɗauko masa yayarsa. Tun da na dawo matan da nake koya wa karatu da ɗinki suke damuna da tambayar ina tsohuwar da aka tafi ɗaukowa, har na ji wasu na cewa bakina ne ya ja muka dawo hannu rabbana. To ga labarin daga bakin nawa, kowa ya karanta ya yanke hukuncinsa. Ni dai na riga na yanke nawa.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita da mijinta sun kama hanyar hajji a ƙasa tun ina goye, suka sauke farali, suka ce bari su ɗan zauna a Jidda su haɗa guzurin dawowa. Zaman ke nan. Bayan hajjin bara wani maƙwabcinmu ya dawo da labarin da ya hana Baba barci: mijin ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun riga shi, ita kuma ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a wani ɗakin kwano a unguwar da ake kira Karantina.

Daga Kano zuwa Maiduguri ba abin ba da labari sai ciwon baya. Tafiya ta fara ne da muka ƙetare kogi a jirgin fito muka shiga Fallomi, babban birnin Cadi. Can aka loda mu a kan wata mota da ta ɗauko busasshen kifi, kuma har yau zanen da na ɗaura a ranar bai daina ba da shaida ba. Hanyar Abeshe ba hanya ba ce, sawun motar da ta riga ka ne kawai. In mota ta kafe a rairayi maza su sauka su tura, direba yana zaune yana ba da umarni kamar shi ya biya mu. Mutanen wajen kuwa shayi ne ruwansu. Na roƙi wata mata ruwan sha ta miƙo mini shayi, na ce ruwa nake so, ta dube ni da tausayi ta ƙara mini sukari.

A Sudan na fara cin kisira, wata waina ce fale-fale kamar takarda, ana dangwala ta da miyar busasshiyar kuɓewa. Yayana ya ci ya ci, ya ce shi har yanzu yana jiran a kawo abincin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hausawa. Duk tashar da jirgin ƙasa ya tsaya sai ka ji ana tallan ƙosai da Hausa. In ka tambayi mutum daga ina, sai ya ce Katsina ko Haɗeja, kuma yana kan hanya ne, ko zuwa ko komawa. Ka duba bayansa ka ga gonar auduga da jikoki. Wani tsoho ya tambaye ni ko har yanzu wane ne mai unguwarsu, ya faɗi sunan mutumin da ko kakata labarinsa ta ji.

A Bur Sudan muka shiga jirgin ruwa. Yayana da ya yi ta cika baki cewa shi ya sha ƙetare kogin Kaduna da damina, shi ya fara rungumar bokiti, bai sake shi ba sai da aka ce ga Jidda.

Daga cikin teku garin yana da kyau: dogayen benaye farare masu tagogin katako da aka yi wa sassaƙa. Amma zafinsu ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu jiƙa mutum yake yi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Bayan an duba takardun allurarmu muka ɗauki tasi. Da direban ya ji mun ce Karantina sai ya ƙara kuɗi, ya kuma sauke mu tun kafin mu isa, wai hanyar tana ɓata masa mota.

Karantina gari ne da aka gina da abin da tashar jirgin ruwa ta zubar: akwatunan katako, gangunan da aka buɗe aka daddale, tsohon kwano. Ruwa saye ake yi garwa-garwa daga masu jakuna, da tsadar da ta sa na daina ganin laifin wanda ya yi alwala da rowa. Amma ƙamshin daddawa na tashi, yara na wasa suna zagin juna da Larabci, iyayensu na tsawata musu da Hausa. Da safe ful ake ci, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Wannan kam ban ga laifinsa ba.

Wadda ta kai mu ɗakin Gwaggo ita ce matar mai shagon bakin layi, ana kiranta Ummu Salihu. A Jidda aka haife ta, kakanninta Kanawa ne, mijinta kuma Bahaushen Sudan ne da ya daɗe har ya sami takardar zama ɗan ƙasa. Tana magana rabi Hausa rabi Larabci, da sauri kamar ana binta.

Na sunkuya na shiga. Ɗakin kamar tanda. Gwaggo na kwance a kan gadon igiya, 'yar ƙarama, bakinta ya karkace gefe guda, amma idanun Baba ne sak. Da aka gaya mata ko ni wace ce, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Uwa." Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba za ta iya faɗarsa ba. Na yi kuka har na ba kaina kunya.

Washegari yayana ya isar da saƙon Baba. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ba inda za ta. Mijinta da 'ya'yanta a nan suke kwance, ita ma a nan za ta kwanta. Ni kuma da na tuna motar kifi da rairayin Abeshe na san ko ta yarda ba za ta kai ba. Jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu, ita ma ta ce ko kyauta ne ba ta hawa. Sai magana ta koma kan wa zai kula da ita in mun juya baya, don maƙwabta suna yi ne in sun tuna, wata rana abinci ya zo kwano uku, wata rana ba ko ɗaya.

Mai shago ya raka mu wani ofishin gwamnati da ke kula da gajiyayyu. Yayana ya ce in zauna a gida, na ari baƙar abaya na bi su. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, har shayi ya sa aka kawo. Ya ce ƙwarai gwamnati tana da gidan tsofaffi, da gado da likita, tana kuma ba marasa ƙarfi ɗan abin hannu, amma duk na masu tabi'iyya ne, wato takardar zama ɗan ƙasa. Nan mai shago ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Shekarun baya an yi ta kiran waɗanda suka daɗe a ƙasar su je a rubuta su, mijin Gwaggo ya ƙi, ya ce shi baƙo ne, baɗi zai koma gida. Iƙamarta kuma, wato izinin zaman baƙo, ta mutu tun mutuwarsa. Ma'aikacin ya ce ga baƙo tsoho marar iƙama wanda aka san yana da dangi a ƙasarsu, doka abu ɗaya ta tanada, a sa shi a jirgi kyauta a mayar musu. Na ce a tambaye shi ko dokar ta tanadi wanda zai juya ta a kan gado cikin jirgin. Yayana ya taka mini ƙafa, mai shago ya ƙi fassarawa. Da za mu fita mutumin ya rage murya ya ce mu gwada ribaɗi.

Ribaɗi gida ne da masu hali suke ginawa su yi wakafinsa don tsofaffin mata. Wanda aka nuna mana yana wajen unguwar Ammariyya, ginin dutse mai kauri. Ina shiga na ji sanyi ya ratsa ni. Ga famfo a tsakar gida, ga abinci na zuwa daga gidajen attajirai, ga wata mata da aikinta ke nan ta wanke waɗanda ba sa iya tashi. Ɗaki ɗaya ne babu kowa, mai shi ba ta daɗe da rasuwa ba. Mai kula da gidan, naziri suke ce masa, ya ce in ya karɓi mace shi zai tsaya mata a kan maganar iƙama, ba mai taɓa ta. Wallahi a ranar na ga Gwaggo a ɗakin nan, har na zaɓa mata gefen da za a sa gado.

Sai ya faɗi sharaɗin. Matar da ta yi wakafin ta ce gidan na wadda ba ta da kowa ne, ba miji, ba ɗa, ba dangin da za su ce tasu ce. Zai zo da umda, wato mai unguwa, ya ji daga bakin maƙwabta. Mai shago, da yake ya san garin, tun a ƙofa ya gabatar da mu a matsayin mutanen garinsu da suka zo umra.

A hanyar komawa na ce wannan ai ƙarya ce. Ummu Salihu da ta ji ta ce, "Ya ukhti, nizami ne, haka tsarin yake. Kalma ɗaya ce, halas, tsohuwa ta sami ɗaki. Ke za ki koma baladinku, ƙasarku, mu za a bari da ita." Yayana ya goyi bayanta, ya ce Allah ya san niyya. Aka shirya: shi zai zauna a shago, ni zan shiga cikin mata in rufe bakina. Ummu Salihu ta bi gida-gida tana koya wa mata abin da za su ce. Ni aka ba aikin gaya wa Gwaggo. Ta saurare ni, ta ce, "To, Uwa," ta juya fuskarta jikin kwano.

Suka zo bayan la'asar. Naziri da umda suka tsaya a bakin ƙofa, mu mata muka cika ɗakin da ɗan filin gabansa. Naziri ya tambaya ko matar nan tana da wani nata. Matan da aka kwana ana koya wa magana sai kowacce ta sunkuyar da kai, wata na gyara mayafi, wata na duba ƙafarta. A bayan ido duk sun yarda. Amma a gaban tsohuwa, tana ji tana gani, a ce ba ta da kowa? A wurinmu ko mahaukacin kasuwa ne ya mutu sai an sami wanda ya fito ya ce nasu ne. Ummu Salihu kaɗai ta amsa, ita ma da Larabci, can ƙasa-ƙasa.

Naziri ya ga abin bai gamsar ba, ya ce to bari ya ji daga bakin mai ɗakin. Gwaggo tana jin Larabci sarai, amma da Hausa ta amsa.

"Ba ni da kowa."

Saboda karkacewar bakin bai ji ba, ya ce ta sake. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta, idonta a kaina, ta sake faɗa. Matar da ta goyi ubana. Matar da muka ƙetare ƙasa uku da teku saboda ita, ga ni zaune taku biyu daga gadonta na lulluɓe kamar ɓarauniya. Ban san sanda na miƙe ba.

"Ƙarya ne," na ce. "Ni 'yar ƙaninta ce. Wancan da ke leƙe daga shago ɗan ƙaninta ne. Ƙanin nata yana Zariya da ransa, shi ya aiko mu. Ummu Salihu, gaya masa da Larabci."

Ta ƙi. Sai na tattaro ɗan Larabcin da na tsinta a makarantar allo, na nuna Gwaggo na nuna ƙirjina na ce, "Ammati," wato gwaggona ce. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta ɗago kai ta ce, "Mu da muke zaune nan kuma duwatsu ne?" Daga nan ɗaki ya kaure, kowacce na faɗin abin da ke tsakaninta da Gwaggo.

Naziri bai yi fushi ba. Ya sa mana albarka, ya ce ya ji daɗi da ta kasance mai dangi, amma sharaɗin mai wakafi ba a hannunsa yake ba, kuma akwai wata tsohuwa mutuniyar Jawa da ke jiran ɗakin, ita da gaske ba ta da kowa. Umda ne ya tsaya bayan tafiyarsa. Ya ce abin da ya ji ba zai ce bai ji ba: ga baƙuwa ba iƙama, ga dangi. Ko a samo mata kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mata, ko kuwa duk ranar da aka tambaye shi zai faɗi gaskiya, a sa ta a jirgi.

Yayana bai taɓa yi mini faɗa irin na ranar ba. Ya ce na sayi sunan gidanmu da ɗakin tsohuwa, ni zan koma in kwanta a ɗakin ƙasa mai sanyi, ita ta gasu a cikin kwano. Ban ce masa ƙarya yake yi ba, don ba ƙarya yake yi ba. Na ce masa dai ko yau aka sake sai na sake. Gara ta ji zafin kwano da ta yi sauran kwanakinta a gidan da kuɗin shigarsa shi ne ta binne mu da bakinta.

Amma fushi ba ya juya marar lafiya a kan gado. Da safe na tara matan a ƙofar ɗakin na ce musu tunda sun ji kunyar faɗa, to su ji kunyar bari. Kowacce a cikinsu tana adashi, ta san ba a tsallake zubi. Na ce a yi adashin jinya: kowane gida ya ɗauki yini guda, ranar da ta zagayo kansa shi ne abinci, shi ne wanka da wanki, shi ne mai kwana a ɗakin. Wadda uzuri ya kama ta nemi mai canjinta da kanta, kada ta aiko da haƙuri. Aka yi ta ja-in-ja. Wata ta ce mijinta ba zai bari ta kwana waje ba, mai fura ta ce ita za ta riƙa kwana a madadinta, matar kuma ta riƙa sayen ruwa. Biyu suka zame, ba su dawo ba. Ummu Salihu ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, sai ga ta wata safiya ta zo ta karɓe ragamar abin gaba ɗaya, wai mu baƙi ba mu san wace ce mai cika alkawari a layin ba.

Saura kafili. Mai shago ya noƙe, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don kafili shi ake nema a kan komai, daga asibiti har makabarta. Ina tsaye ina sayen ashana matarsa ta ce masa, "Ya Abu Salihu, wa ya yanke wa Salihu cibiya? Wa ya yanke wa sauran?" Ashe Gwaggo ce ungozomar layin tun kafin a kafa rabin ɗakunan. Ya ɗauki hularsa ya ce yalla, mu je, shi da yayana suka tafi wurin umda. Har muka baro Jidda iƙamar ba ta fito ba, kullum a ce gobe in sha Allahu, amma umda ya ce tunda magana tana gaban hukuma ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Yayana kuwa a kan rufin ɗakin ya huce. Ya sayo katako da tabarmin kaba ya yi mata rufi a ƙarƙashin kwanon, ya fasa taga ta ɓangaren teku. Zafin ya ragu. Ba zan ce ya kai sanyin ribaɗi ba.

Mun je Makka mun yi umra, na sha zamzam har cikina ya yi ƙara, na roƙa wa Gwaggo sauƙi, na roƙa wa kaina Allah ya sa ban cuce ta ba. Ranar da za mu tafi na durƙusa gaban gadonta. Ta ce, "Uwa, kin hana ni ɗaki mai sanyi." Na ce na hana. Ta yi dariya da rabin bakinta ta ce bakina irin na mai sunana ne, ita ma ba ta taɓa iya yin shiru ba. Sannan ta ce in gaya wa ƙaninta ba ƙin sa ta yi ba.

Dawowa ta fi zuwa wuya, don damina ta fara taɓa hanyar Cadi, rairayin da muka tura mota a cikinsa ya koma taɓo. Yayana bai yi mini magana mai daɗi ba sai a Fallomi, inda ya sayo mini gasasshen kifi ya ajiye a gabana ya ce in ci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga masu tsofaffi a can, kada ku zauna kuna cewa ai suna ƙasa mai tsarki. Ku aika a ji ko iƙamarsu na da rai, ku san wa ya tsaya musu, tun suna iya tafiya da ƙafarsu. Gidan gwamnati na masu tabi'iyya ne, ribaɗi na marasa kowa ne, tsohonku kuwa yana tsakiya, ba wanda ya yi doka da shi a zuci. Tsakiyar nan mu ne za mu cike ta, kuma ba da ƙarya ba.

Mun iso Zariya da hantsi. Baba na zaune a zaure, ya dubi bayanmu, ya ga ba kowa. Yayana ya ba shi labari tiryan-tiryan, bai rage laifina ko kaɗan ba. Na zauna ina jiran faɗa. Baba ya juyo gare ni ya ce, "In ta cika, wa zai yi mata wanka?"

Na fara kira masa su: mai fura, Ummu Salihu, matar mai jakin ruwa, matar tela da surukarta, Bazazzagiyar da ke ƙarshen layi. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya ce a kawo mana ruwa mu sha.